Gwajin basira na waya: abin da lambar ke ɓoyewa, da yadda mutum ke koya wa kansa abu har ya zauna

Saƙon yakan shigo ne ta WhatsApp ko Facebook, da Faransanci a kansa, yana cewa ka gwada QI ɗinka, wato lambar da ake cewa tana auna basira, cikin minti biyar. Ɗan ajin ƙarshe na lise a Garwa, ko mai shagon cajin waya a Kusiri, sai ya latsa. Tambayoyi ashirin ne: jerin lambobi da aka cire ta ƙarshe, zanen murabba'i da da'ira, kalma ɗaya da ba ta dace da 'yan uwanta ba. Agogo na gudu a saman fuskar wayar. Da ya gama sai wani ɗan zobe ya yi ta juyawa kamar ana dogon lissafi, daga nan a ce masa sakamako ya fito, amma sai ya sa lambar wayarsa, ko ya tura wani ɗan kuɗi ta Orange Money ko MoMo kafin ya gani. Ya tura, a ba shi 132, haɗe da takardar shaida mai hoton ƙwaƙwalwa. Abokinsa da ya yi nasa a kan babur yana jiran fasinja ya samu 84, ya mayar da waya aljihu bai gaya wa kowa ba.

Lambobin nan biyu babu wadda ta auna wani abu. Sai dai ta biyun tana iya yin ɓarna ta gaske, domin akwai matashin da zai fasa sake zana bak, jarrabawar kammala lise, saboda ita, ya ce ai dama kansa ba ya ja. Shi ya sa batun ya cancanci a zauna a warware shi.

Asalin abin daga Faransa ya fito. A 1905 Alfred Binet da Théodore Simon suka tsara tambayoyi don a gano yaran makarantun Paris da ke buƙatar ƙarin taimako a aji. Binet da kansa bai yarda cewa basira abu ce tsayayyiya da ba ta ƙaruwa ba. Daga baya, a 1912, William Stern a Jamus ya kawo dabarar yin lissafin rabawa tsakanin shekarun hankali da shekarun haihuwa, Lewis Terman na jami'ar Stanford ya yaɗa ta a Amurka a 1916. David Wechsler ne ya sauya lissafin a 1939 zuwa yadda ake yi a yau, kuma a nan ne mutane da yawa ke ruɗewa.

QI na yau matsayi ne a cikin jama'a, kamar yadda takardar sakamakon makaranta ke cewa yaro ya zo na 7 cikin 60. Na bakwai a wane aji? Idan ba a san ajin ba, lambar ba ta da ma'ana. Masu tsara gwaji na gaske sukan fara da gwada dubban mutanen da aka zaɓo da gangan, daidai da shekaru da jinsi da zurfin karatu da yankunan ƙasar. Gwajin Wechsler na manya da ya fito a 2008, alal misali, an daidaita shi ne a kan mutum 2,200 a Amurka. Matsakaicin abin da waɗannan mutane suka ci shi ake sa wa suna 100. Kusan kashi 68 cikin ɗari na mutane sukan faɗa tsakanin 85 da 115, kashi 95 tsakanin 70 da 130, kusan mutum biyu ne kawai cikin ɗari ke haura 130. Wanda ya kai 145 kuwa, ɗaya ne cikin mutum ɗari bakwai da wani abu. To, idan rabin 'yan ajinku sun samu sama da 130 a wani gwajin waya, lissafin da kansa ya nuna akwai ƙarya a ciki.

Yadda ake gudanar da na gaskiyar ma daban ne. Mutum ɗaya ne a gaban ƙwararren masanin halayyar ɗan'adam, a ɗaki marar hayaniya, sa'a ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Akwai sassa wajen goma: ma'anar kalmomi, haɗa ƙananan tubala su fitar da zane, maimaita lambobi gaba da baya, saurin kwafar alamomi. Kuma ko da an bi duk wannan, ƙwararre ba ya ba da lamba ɗaya tak. Yakan ce tsakanin kaza da kaza, da sararin maki wajen biyar sama da ƙasa, domin gajiya da yunwa da fargaba duk suna taɓa sakamako. Ba a kuma maimaita wa mutum gwaji ɗaya kusa da kusa, galibi sai an jira shekara, saboda wanda ya taɓa ganin tambayoyin zai fi ci a karo na biyu ba tare da basirarsa ta ƙaru ba.

Yanzu a kwatanta da tambayoyi ashirin na waya. Idan an shimfiɗa maki daga 70 zuwa 145 a kansu, kowace tambaya tana ɗauke da maki kusan huɗu. Netiwok ya tsaya na daƙiƙa goma, ko yatsa ya zame, ka rasa takwas. Idan zaɓi huɗu ne a kowace tambaya, mai canki-canki idonsa a rufe zai ci biyar a matsakaici. Sannan su wa aka kwatanta ka da su? In ma akwai, to waɗanda suka latsa mahaɗin ne kafin kai, waɗanda ba wanda ya san shekarunsu, ko sau nawa suka maimaita, ko wani ne ya amsa musu.

A ƙasarmu Kamaru akwai wata matsala da ta fi wannan zurfi, wadda ko gwajin gaskiyar ma bai tsira daga gare ta ba. Yaro a Marwa yana magana da Hausa a gida, Fulatanci a kasuwa, yana karanta Larabci a allo, Faransanci kuwa sai ya shiga aji. Na Njamena ƙara masa Larabcin Chadi. Idan ka ba wannan yaro sashen kalmomi na gwajin da aka daidaita a kan yaran Faransa, abin da ka auna shi ne yawan Faransancin da ya shiga kunnensa. Harsuna ukun da yake juyawa a kullum ba su shiga lissafi ba ko kaɗan. Wasu za su ce ai shi ya sa aka yi gwajin zane zalla, irin na John Raven na 1938, mai tambayoyi 60 babu kalma ko ɗaya. Amma dubi yadda tambayar take: gidaje tara, uku-uku, na ƙarshe a kusurwar dama ta ƙasa babu komai a ciki, ana so ka nemo abin da ya dace da shi. Tsarin ya ɗauka cewa idonka ya saba tafiya daga hagu zuwa dama, ya saba da teburin layi da ginshiƙi, ka kuma saba da a tambaye ka abin da mai tambayar ya riga ya san amsarsa. Duka ukun nan a makarantar boko ake koyonsu. Almajirin da idonsa ya saba farawa daga dama yana shiga da nauyin da ɗan boko ba ya ɗauke da shi.

Alexander Luria ya ga wannan a ƙauyukan Uzbekistan a 1931 da 1932. Yakan nuna wa manoma hoton guduma da zarto da gatari da gungumen itace, ya ce su cire wanda bai dace ba. Amsar makaranta ita ce gungumen, tunda sauran kayan aiki ne. Manoman sukan ƙi cire shi, su ce in babu itace me zarto da gatari za su yi? Amsar mai hankali ce ƙwarai, amma a takardar gwaji sifiri ce. Waɗanda suka ɗan zauna a aji, ko na gajeren lokaci ne, su ne suka riƙa ba da amsar da ake so. Haka nan James Flynn ya nuna a shekarun 1980 cewa sakamakon irin waɗannan gwaje-gwaje ya yi ta hawa da kusan maki uku duk shekara goma a ƙasashe da dama cikin ƙarni na 20, saurin da gado ba zai iya bayyana shi ba. A 2018 kuma Stuart Ritchie da Elliot Tucker-Drob suka haɗa bincike masu yawa, suka samu cewa kowace shekara ɗaya ta ƙarin makaranta tana ɗaga sakamakon da maki ɗaya zuwa biyar.

A nan ya kamata a taɓo taswirar nan da ke yawo, wadda ke shafa wa ƙasashen Afirka jan launi da lambobi 60 da 70. Tushenta aikin Richard Lynn da Tatu Vanhanen ne na 2002. Cikin ƙasashe 185 da suka ba lamba, 81 ne kawai suke da wani gwaji a kansu, sauran 104 ƙiyasi aka yi musu daga maƙwabta. Maƙwabciyarmu Ikwatoriyal Gini an ba ta 59, daga baya Jelte Wicherts da abokan aikinsa suka gano cewa lambar ta fito ne daga yaran wani gidan kula da masu larurar ƙwaƙwalwa a Sifen. Abin takaici ne a ga matasanmu na tura wa juna wannan taswira suna jinjina kai kamar hujja ce.

Me mai gwajin waya ke nema? Banza ba ta kai zomo kasuwa. Wani talla yake sayarwa, shi ya sa kowace tambaya ke shafinta. Wani lambar wayarka yake so, ya sa ka cikin wani rajista da ke cire kuɗi kullum daga kiredit. A ce sefa 100 ne a rana, a wata ya zama 3,000, kuma mutane da yawa ba sa lura sai su ɗauka forfe ne ke saurin ƙarewa. Wani kuma bayananka yake tarawa. Abin da ya fito fili a 2018 game da kamfanin tattara bayanai na Cambridge Analytica ta gwajin ɗabi'a aka fara shi a Facebook: mutum wajen 270,000 suka yi gwajin, aka kwashi bayanan da suka kai na mutum miliyan 87 ta hanyar abokansu. Bayanin da ke biyo bayan lambar kuwa, wanda ke cewa kana da baiwar da ba ka gama amfani da ita ba, tsohuwar dabara ce. A 1948 Bertram Forer ya raba wa ɗalibansa bayani iri ɗaya sak, kowa na zaton nasa ne shi kaɗai, suka ba daidaituwarsa maki sama da 4 cikin 5.

Mai son ya tabbatar da kansa yana iya yi cikin minti goma. Ya shiga gwajin ya danna zaɓi na farko a kowace tambaya ba tare da ya karanta ba, ya ga lambar da za a ba shi. Ya duba ko an tambayi shekarunsa, domin gwajin da bai san shekarunka ba ba shi da ajin da zai sa ka. Ya nemi inda aka rubuta mutum nawa aka daidaita gwajin a kansu, a wace ƙasa, wace shekara. Inda aka nemi lambar waya ko lambar sirrin da ta shigo ta saƙo, a rufe shafin nan take. Wanda ya riga ya faɗa, ya kira kamfanin layinsa ya ce a cire masa duk rajistar da ke kan lambar.

Idan kuma damuwar a kan yaro ce da ya kasa bin aji, waya ba ta da amsa. A fara da ido da kunne a asibiti. Yankinmu yana cikin zirin sanƙarau, cutar da kan bar yaro da raunin ji ba tare da iyaye sun gane ba, sai a ce daƙiƙi ne alhali malam ne ba ya jin muryarsa daga bencin baya. A duba ƙarancin jini, a duba ko gishirin gidan mai aidin ne, a tambaya ko yana fahimtar harshen da ake koyar da shi.

Manhajojin wasa da ake cewa suna wasa ƙwaƙwalwa su ma an gwada su. A 2010 Adrian Owen da abokansa sun bi mutum 11,430 na mako shida: sun ƙware a wasannin da suka yi ta yi, amma ƙwarewar ba ta tsallaka zuwa wasu ayyukan ba. A 2016 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta sa kamfanin Lumosity biyan dala miliyan biyu saboda alƙawuran da ba su da hujja.

Gwajin da ke da amfani shi ne wanda mai koyo ke yi wa kansa kullum a kan abin da yake koyo, kuma mu nan ba baƙonsa ba ne. A tsangaya ba a wanke allo sai yaro ya kifa shi ya biya da ka a gaban malam. Wanda ya haddace kuma ba ya barin na baya, yana da muraja'a ta kullum, izu kaza da asuba, izu kaza da dare, domin ya san hadda tana guduwa. Abubuwan nan biyu, fito da karatu daga ka da kuma dawowa kansa bayan kwanaki, su ne binciken zamani ya tabbatar sun fi kowace dabara. Hermann Ebbinghaus ya nuna tun 1885 cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'i da kwanakin farko. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke suka raba ɗalibai: wasu suka yi ta maimaita karanta rubutu, wasu suka karanta a zama ɗaya sannan suka rufe suka yi ta rubuta abin da suka tuna. Bayan minti biyar masu maimaita karatu ne a gaba. Bayan mako ɗaya sun riƙe kashi 40 cikin ɗari, masu gwada kansu sun riƙe 61. Kuma masu maimaitawar su ne suka fi sakankancewa cewa za su tuna. Nan ne tarkon mai koyon kansa yake: idan ido ya saba da shafi sai zuciya ta ce an iya. Ja wa littafi layi da jan biro, da kallon bidiyo sau uku, duk wannan jin daɗin suke bayarwa.

Ga yadda ake yi da kayan da ke kowane gida. A yanka takardar littafin rubutu gida takwas. A gaba a rubuta tambaya ɗaya, a baya amsarta, gajera. A samu ambulan huɗu ko gwangwani huɗu. Na farko ana duba shi kullum, na biyu duk kwana uku, na uku mako-mako, na huɗu sau ɗaya a wata. Katin da ka amsa daidai kafin ka juya shi ya matsa gaba, wanda ka kuskure ya koma na farko ko daga ina yake. Wannan tsarin Sebastian Leitner ne na 1972, kuma makamancinsa manhajar Anki ke yi a waya, kyauta ce a Android, tana aiki ba intanet. Inda ake faɗuwa biyu ne. Na farko zumuɗi: mutum ya zuba sababbin kati talatin a rana, bayan 'yan makonni bita ta taru ta kai ɗaruruwa, ya gaji ya watsar. Bitar kullum takan kai ninki goma na sababbin da kake ƙarawa, don haka goma a rana ya isa. Na biyu kwafe sakin layi guda a bayan kati. Katin da amsarsa ta wuce layi biyu a raba shi.

Kati na riƙe kalmomi da ƙa'idoji ne kawai. Lissafi da kimiyya da rubutun insha'i sai da aiki. Mai shirin zana probatuwar ko bak a matsayin ɗan takara mai zaman kansa ya nemi tambayoyin shekarun baya tun watan farko, ya zauna da agogo daidai da lokacin jarrabawa, littafi a rufe, sannan ya buɗe gyara. Ya keɓe littafi ɗaya na kurakurai, kowane kuskure da dalilinsa: ban san ƙa'idar ba, na sani na manta, na yi gaggawa, ban fahimci Faransancin tambayar ba. Maganin kowanne daban ne, kuma na ƙarshen ya fi yawa fiye da yadda ake zato. Ya kuma raba lokacinsa bisa nauyin darussa: ƙarin maki uku a darasi mai ninki huɗu maki goma sha biyu ne, a mai ninki ɗaya uku ne kacal. Minti arba'in bayan sallar asuba kullum ya fi sa'a biyar a ranar Lahadi, musamman a Maris da Afrilu da zafi ke haura digiri 40 kuma wuta ba ta da tabbas.

Mai koyon sana'a shi ma ya sa wa kansa tambayar da aiki zai gyara masa. Ga mai koyon haɗa sola: batir mai volt 12 da amfiya-awa 100 yana ɗauke da wat-awa 1,200. Idan na dalma ne ba a cin fiye da rabinsa in ana so ya daɗe, saura 600. Fanka mai wat 50 da ƙwai uku masu wat 10 sun haɗa 80, ke nan sa'a bakwai da rabi, ƙasa da haka idan an bi ta imbata. Ya rubuta wannan a takarda tukuna, sannan ya haɗa ya sa agogo. Idan wuta ta ɗauke a sa'a huɗu, yana da abin bincike: batirin ne ya tsufa, bai cika da rana ba, ko wayar ta yi siriri tana ɗumi tana cin wuta? Dare ɗaya na wannan ya fi bidiyo ashirin.

Kwasa-kwasan intanet na kyauta suna nan da Faransanci, irin su Khan Academy da FUN-MOOC, amma a san halinsu. Binciken da aka buga a 2019 kan kwasa-kwasan MIT da Harvard ya nuna wajen kashi 3 cikin ɗari ne na masu rajista ke kaiwa ƙarshe. Abin da ke kayar da mutane shi ne babu mai jiransu. Mutum uku da ke haɗuwa a zaure ranar da aka tsayar, kowa ya biya wa 'yan uwansa abin da ya koya su yi masa tambaya, sun fi mutum ɗaya da kwas goma a waya. Batun data kuma, bidiyon sa'a ɗaya a 360p yakan ci wajen mega 300, a 720p ya haura jiga ɗaya, kuma ga darasin allo ƙaramin ya wadatar. Manhajar Kiwix tana sauke Wikipedia gaba ɗaya a karanta ba intanet, mutum ɗaya ya sauke inda akwai wifi, sauran su kwafa a katin memori.

Akwai inda koyon kai ke tsayawa, kuma dole a faɗa. Mutum ba ya ganin kuskuren da bai san kuskure ba ne. Lafazin Faransanci, tajwidi, tsarin insha'in falsafa, duk suna buƙatar kunnen wani ko idonsa, ko da sau ɗaya ne a mako biyu, ko da ɗalibin jami'ar Marwa ko Ngaundare ne da ya zo hutu. Makarantun zaure sun daɗe a kan wannan tsari: kowa da littafinsa da saurinsa, amma ba ya wuce babi sai malam ya ji. Wutar gida mai volt 220, allura, da auna maganin feshin auduga kuwa, ba a fara su daga waya, sai a hannun wanda ya iya yana tsaye a kanka. Aikin gwamnati kuma har yanzu takarda yake tambaya, don haka mai karatun kansa da ke hangen konkur ya bincika sharuɗɗan shekaru da ranar rufe rajista tun farkon shekarar karatu, ya haɗa takardar haihuwa da katin ɗan ƙasa da wuri, ya tabbatar sunansa da ranar haihuwarsa iri ɗaya ne a kan kowace takarda kafin ya kai fayil ɗinsa.